Daga Madarunfa zuwa Tsibiri: Auren 'ya'yan sarki da ikon Iya a Katsinar Maraɗi

A watan Nuwamban shekarar 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin jinin bikin nunin tufafi na FIMA ta ɓarke a Jamhuriyar Nijar, masu bore a birnin Maraɗi sun farfasa mashaya da rumfunan caca da gidajen mata masu zaman kansu, sun kuma taɓa wuraren ibadar Kirista. A cikin wuraren da suka afka wa har da gidan Iya, 'yar gidan sarautar Katsinar Maraɗi, wadda a al'ada ita ce shugabar matan ƙasar kuma uwar 'yan bori.

A wurin matasan da suka kai wannan hari, gidan Iya matattarar tsafi ce kawai. Shekara 150 kafin wannan rana kuwa, mai riƙe da wannan sarauta tana karɓar haraji a kasuwa, tana da barori da bayi, tana raba gardama tsakanin mata, kuma a gabanta ake gudanar da auren 'ya'yan sarki.

Wanda yake son sanin yadda mace ta kai wannan matsayi a ƙasar da maza ke gadon sarauta, sai ya fara da duba yadda ake aurar da ita tun tana budurwa.

Masarautar da 'yan gudun hijira suka kafa

Madarunfa tana kudu da Maraɗi da kilomita 20 da 'yan kai, a bakin tafkin da ya yi mata suna. Kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayen tafkin, tare da dajin da ke gefensa, suna cikin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 domin a duba shigar da su jerin kayan tarihi na duniya. Gundumar ta haɗa Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, inda hanya ke tsallakawa zuwa Jibiya a Jihar Katsina. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san iyaka ce ta takarda. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma kafin jihadi ƙasa ɗaya ce, arewacin Katsina.

Da Birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1807, Umarun Dallaji ya zama sarki a birni, tsohon gidan sarauta kuma ya watse zuwa arewa. Ɗan Kasawa ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram kafin mutanen kwarin Gulbin Maraɗi su yi wa wakilin sababbin masu mulki tawaye, su kira shi. Wajen 1819 ya zauna a Maraɗi yana amsa sunan Sarkin Katsina, sunan da magadansa ke amsawa har yau. Gobirawa ma, waɗanda suka rasa Alƙalawa a 1808, sun zo sun kafa Tsibiri dab da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka kwanta dama.

Gidan sarautar da ya taso a irin wannan hali baƙo ne a ƙasar da yake mulki. Dazuzzukan kwarin da gonakinsa suna hannun dangogin Anna da suka daɗe a wurin, masu ubangidan noma da na farauta da na ruwa. Yaƙi da Katsina da Sakkwato ba ya ƙarewa. Sarki yana buƙatar mahaya, da masu gari da za su tsaya masa, da malamai, da fatake. Abin da yake da shi na sayen zukatansu bai wuce huɗu ba: rawani, doki, rabon ganima, da 'ya'yansa mata.

'Yar sarki a gidan miji

A fadojin ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Zazzau zuwa Maraɗi, aurar da 'yar sarki aikin mulki ne. Ana ba da ita ga hakimi, ko jarumin da ya yi suna a fagen fama, ko babban malami, ko attajirin da fada ke son ya zama nata. Wani lokaci ana haɗa ta da ɗan'uwa a auren zumunci domin a ɗinke ɓaraka tsakanin gidaje biyu masu neman gadon sarauta. Ba a cika tambayar yarinyar ba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin, uba yana da ikon zaɓa wa 'yarsa budurwa miji, balle uban da yake sarki.

A Maraɗi, manyan fada huɗu ne ke zaɓen sarki: Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Su ne kuma ke iya juya masa baya. Sarkin da ke kewaye da irin waɗannan mutane, ga kuma 'yan'uwa masu jiran gado, dole ya riƙa lissafin inda kowace 'ya tasa za ta je.

Ga mijin, kyautar tana da daɗi tana kuma da nauyi. Ya zama surukin sarki, ƙofar fada ta buɗe masa. Amarya tana zuwa da kuyangi da kayan ɗaki da babu irinsu a gidan. Sai dai ta zo da kunnen fada da bakin fada. Abin da aka faɗa a zaure da safe yana iya isa gaban sarki kafin magariba. Ba a wulaƙanta ta yadda za a wulaƙanta 'yar talaka, kishiyoyi kuma sun san da haka. Ko da ta shigo ta uku ko ta huɗu, asalinta yana ba ta girman da lissafin uwargida da amarya bai ba ta ba.

Abin da ya sa sarki ke iya yin wannan kyauta hankali kwance shi ne ɗan da za ta haifa ba zai taɓa neman sarautarsa ba. Gadon sarauta ta wajen uba yake bi. Ɗan 'yar sarki jikan fada ne, ana ji da shi, ana iya ba shi muƙami, amma dangin ubansa ne danginsa. Ke nan jinin sarauta da ke jikin mace yana ƙulla zumunci ba tare da ya haifar da abokin hamayya ba.

A nan ne lamarin ke da ban mamaki. Matar da ta fi kowa kusa da haihuwar sarkin gobe sau da yawa ita ce wadda ba ta da kowa: ƙwarƙwara ko sa-ɗaka, wadda aka kamo a yaƙi ko aka kawo kyauta. A shari'a ɗanta ɗa ne, daidai yake da ɗan matar aure wajen gado, ita kuma ba a sayar da ita bayan ta haihu, tana samun 'yanci idan ubangidan ya rasu. Ba ta da 'yan'uwa maza da za su zo su cika fada da buƙatu. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Shekara a matsayin mahaifiyar Sarki Usman da Sarki Abdullahi, 'ya'yan Ibrahim Dabo. Katambale, ɗaya daga cikin matan fadar Gobir da aka kama bayan faɗuwar Alƙalawa, ta shiga gidan Muhammadu Bello ta haifa masa Fodiyo, wanda daga baya aka ba shi riƙon ribaɗi a ƙasar Gobir ɗin kanta. Mai bincike Heidi Nast, a littafinta na 2005 kan fadar Kano, ta nuna yadda ƙwaraƙwarai suka daɗe suna riƙe da harkar hatsin fada da rini a cikin gida.

Wannan ba ya nufin rayuwar ƙwarƙwara abin sha'awa ce. A bayan kowace Shekara akwai ɗaruruwan 'yan mata da aka raba da iyayensu a hare-haren da Maraɗi da Katsina suka yi ta kai wa juna, waɗanda suka ƙare a bakin turmi da rijiya babu wanda ya riƙe sunansu.

Sarautar da ake samu a wajen ɗakin aure

To ina 'yar sarki ke samun nata ikon, tunda ba ta haifi sarki ba? A gidan ubanta, bayan ta fito daga gidan miji.

Masanin nan M.G. Smith, a nazarin da ya wallafa a 1967 kan Maraɗi a zamanin Sarki Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1875, ya lissafa Iya a cikin manyan masu sarautar ƙasar. Sarki ne ke naɗa ta daga cikin matan gidan sarauta, galibi wadda ta manyanta kuma ba ta zaune a ƙarƙashin miji. Ita ce ke jagorantar aure da sauran bukukuwan 'yan matan gidan. Ita ce shugabar 'yan bori, ita ke jan ragamar wasan bori na ƙasa idan sarki ya buƙata. Mata masu zaman kansu da suka shigo gari ana kai su gabanta, suna kuma biyan haraji ta hannunta. Tana da mataimaka mata masu nasu muƙamai, waɗanda ke shiga kasuwa su ɗebo mata rabon hatsi daga masu sayarwa. Tana da gidanta, da barorinta, da bayinta.

Idan aka cire adon sarauta aka dubi aikin, Iya tana riƙe da wani yanki na kuɗin shigar ƙasa, tana kula da baƙi mata da ba su da waliyyi a gari, tana kuma riƙe da igiyar da ta haɗa fada Musulma da talakawan da yawancinsu a lokacin suke bin iskoki da gargajiya. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga gidan sarautar da ke zaune a tsakiyar dangogin Anna na kwarin gulbi, daga Jiratawa har Madarunfa da Gabi. Sarki yana da limamai da alƙalai. Abin da bai dace ya yi da kansa ba a gaban malamai, 'yar'uwarsa ce ke yi a madadinsa.

A Tsibiri takwararta ita ce Inna. Ita ma daga jinin sarauta take, ita ma uwar bori ce, kuma Gobirawa suna ɗaukar ta a matsayin abokiyar tafiyar sarki a mulki. Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kwarin Maraɗi, ya yi rubutu mai yawa kan matsayinta da na Iya a bukukuwan fada. An san Inna da malfa da hawan doki, shigar da a ƙasar Hausa ta maza ce.

Wannan malfa ta yi tafiya mai nisa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ma an aurar da ita a cikin gidan mulki, ga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello kuma amininsa. Da ta kafa tsarin 'yan taru domin karantar da matan karkara, sai ta riƙa naɗa shugabanninsu, wato jajoji, da malfa da jan ƙyalle. Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihin rayuwarta, ta nuna cewa alamar Inna ce Asma'u ta ɗauka ta sauya mata ma'ana, domin matan Gobir da aka ci da yaƙi sun riga sun san mace mai malfa shugaba ce. Jihadi ya kawar da sarautar Inna a ƙasar da ya ci, amma bai iya yin watsi da gurbin da ta bari ba.

Abin lura a nan shi ne saki. A ƙasar Hausa mutuwar aure ba ta ƙare rayuwar mace, balle 'yar sarki. Tana komawa gida da kayanta da mutanenta, sadakinta nata ne, abin da ta tara nata ne. Aure na farko na iyaye ne, na gaba kuwa tana da bakin magana. Wadda ta zaɓi ta zauna haka nan, idan tana da shekaru da kwarjini da goyon bayan ɗan'uwa mai mulki, ita ce ke iya wayar gari da sarauta.

Can a Ingila, sai miji ya mutu

Kwatanta wannan da abin da ke faruwa a wata nahiyar yana ƙara fito da shi. A ƙarni na 15, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, zamanin kuma da Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi kuma kakar Sarki Kisoki, ta fara tashe a fadar Kano, manyan gidajen Ingila suna ta kashe juna kan gadon sarauta. Su ma 'ya'ya mata ne igiyar ƙulla ƙawance. Ralph Neville, mai 'ya'ya fiye da 20, ya bi manyan gidajen ƙasar ɗaya bayan ɗaya yana aurar da su. 'Yarsa Cecily ta auri Richard na York ta haifi sarakuna biyu, Edward na Huɗu da Richard na Uku.

Bambancin yana wajen ƙasa. A Ingila mace tana iya gadon filaye masu yawa idan babu ɗa namiji, kuma haƙƙin sarauta yana iya bi ta jikinta zuwa ga ɗanta. Saboda haka marainiya mai gado ta zama haja. Sarki ne ke riƙe da ikon aurar da ita, yana kuma ba da wannan iko kyauta ko ya sayar wa wanda ya ga dama.

Margaret Beaufort tana da shekara 12 aka aurar da ita ga Edmund Tudor a 1455. Ya mutu ya bar ta da ciki, ta haihu a watan Janairun 1457 tana da shekara 13. Ba ta sake haihuwa ba har ta mutu, duk da ta sake aure sau biyu. Wannan ɗa guda shi ne ya ci yaƙin Bosworth a 1485 ya zama Sarki Henry na Bakwai, kuma ta wajen uwarsa ya samo hujjar neman sarautar. A Maraɗi, irin wannan ɗa ko kusa da jerin 'yan takara ba zai je ba.

Sai dai matar aure a Ingila ta lokacin ba ta da ikon dukiyarta, komai yana hannun miji. Saki irin wanda aka sani a nan babu shi, sai dai kotun coci ta ce auren tun asali bai ɗauru ba. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman a 1485 kafin Margaret, uwar sarki guda, ta samu damar riƙe dukiyarta da sunanta alhali mijinta yana raye. Ga sauran mata, ƙofar 'yanci ɗaya ce: takaba. Wadda mijinta ya mutu tana cin amfanin kashi ɗaya cikin uku na filayensa har ƙarshen rayuwarta. Wannan ya sa tsofaffin zawarawa suka zama abin farauta. A 1465 aka ɗaura wa Katherine Neville, mai shekara sama da 60, aure da John Woodville, ƙanin matar sarki, saurayi ɗan kimanin shekara 20, kuma kowa ya san filayenta aka aura.

A taƙaice, baturiyar tana jiran gawa, Bakatsiniyar tana iya fita da ƙafarta. Baturiyar tana da ƙasa, Bakatsiniyar tana da mutane. A wuraren biyu kuwa, yarinyar da ake kai wa ɗakin farko ba ta da ta cewa.

Abin da zuwan Faransa ya sauya

Ikon Iya ya dogara ne kan abubuwa uku: bayi, haraji, da buƙatar da sarki ke da ita ga bori. Ƙarni na 20 ya cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Dokar Faransa ta 1905 ta haramta cinikin bayi da bautar da mutane a yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. Ba a rana ɗaya abin ya mutu ba, amma sannu a hankali bayin gona da na gida suka watse. Haraji ya koma aljihun gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta san sarki da masu gari, ba ta kuma da gurbin mace a takardunta. Da ambaliyar 1945 ta rusa tsohon garin Maraɗi aka tashi daga kwari aka koma tudu, sabon birnin da aka zana ya zama na 'yan kasuwar gyaɗa da alhazai, waɗanda dukiyarsu ta zo ta shafe ta 'ya'yan sarki. Malamai kuma suka ƙara ƙarfi, bori ya koma abin da ake yi a ɓoye-ɓoye.

Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta bi diddigin abin da wannan sauyi ya yi wa mata. Aikin da kuyangi ke yi a manyan gidaje, daka da ɗebo ruwa da itace da noma, bai ɓace ba don an 'yanta bayi. Ya koma kan matan aure, musamman ƙananan mata da ake aurowa daga ƙauye. A ɗaya gefen, lulluɓi da zaman kulle, waɗanda a da alamar matan manya ne, sun zama abin da kowace mace ke nema domin ta nuna ita ba baiwa ba ce. Wato abin da ya bambanta 'yar sarki da sauran mata ya bazu a gari, ikon da ke tare da shi kuma bai bazu ba.

Wani ɓangare na tsohon tsarin ma ya ƙi mutuwa. Al'adar wahaya, wato ɗaukar mace ta biyar da sunan ƙwarƙwara, ta ci gaba a wasu sassan Nijar har bayan dokar 2003 da ta mai da bauta laifi. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a Jihar Tawa, ita ce ta kai ƙasar gaban kotun ECOWAS, kuma a watan Oktoban 2008 kotun ta samu Nijar da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar jaka dubu goma, wato sefa miliyan 10. Masu kare wahaya suna kafa hujja da zamanin sarakuna. Sai dai ko a wancan zamanin malamai sun yi ta jayayya kan wace ce ya halatta a bautar, kuma kama 'ya'yan Musulmi a sayar yana cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan Hausa da shi.

Gadon da ya rage a ɗakin amarya

Wurin da tsohuwar fada ta fi barin sawunta shi ne biki. Kayan ɗaki da gara da gudummawar ƙawaye, wadda ake ramawa da ninki idan bikin mai bayarwa ya zo, duk hanyoyi ne na nuna yawan mutanen da ke bayan amarya. Cooper ta nuna yadda jeren ɗaki a Maraɗi ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi da kwanonin sanholo da gadaje, ma'anar kuma ba ta sauya ba: yarinyar nan tana da gata, a yi hattara da ita. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda a zamaninta aka kafa ƙungiyar matan Nijar ta AFN a 1975, ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin da ake kashewa a aure, abin bai yi tasiri ba. Iyaye mata sun san abin da suke saye da waɗannan kwanoni.

Duk ɗan Madarunfa ko Ɗan Isa da ke aiki a Legas ko Agadas ko Libiya ya san wannan lissafi, domin shi ake kira a waya idan auren ƙanwa ya taso. Yana iya ganin abin almubazzaranci ne, kuma sau da yawa hakan ne. Amma a ƙauyen da yawancin aure ba a rubuta shi a gaban hukuma, jeren ɗaki shi ne dukiyar da kowa ya shaida ta amarya ce, wadda za ta iya sayarwa ranar yunwa ko ta kwashe ranar saki.

Abin da bai bi yarinyar talaka ba shi ne sauran gatan 'yar sarki. An gaji aurar da ita da wuri, an gaji zaɓa mata miji domin biyan bukatar manya, ko bashi ne ko zumunci ko neman kusanci da mai hali. Ba ta gaji kuyangin da za su ɗauke mata aiki ba, ba ta gaji uban da miji ke tsoro ba, kuma babu sarautar da ke jiran ta idan ta dawo gida. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A Jihar Maraɗi adadin ya kai kashi 89, mafi yawa a ƙasar.

Dokar farar hula ta Nijar ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, ga shi kuma yawancin aure a ƙarƙashin al'ada ake ɗaura shi, inda wannan doka ba ta kaiwa. Yunƙurin kafa dokar iyali ya sha cin tura, na baya-bayan nan a 2011, bayan adawar ƙungiyoyin addini. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin kare karatun 'ya'ya mata, tun daga nan kuma hukumomi da ƙungiyoyin agaji suke ta neman sarakunan gargajiya su sa baki, domin maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunne a ƙauye.

Sarautar Iya tana nan a Maraɗi, ta Inna tana nan a Tsibiri, fadojin biyu kuma gwamnati ta ɗaga su zuwa matsayin sultan a 2010. Dokar da ta tsara sarautun gargajiya a Nijar ta san sultan da sarkin kanto da mai gari da mai unguwa, su ne ke cikin tsarin mulki, su ne ake kira taro a ofishin gwamna da na kantoma. Matan da a da aka ɗora wa alhakin auren 'ya'yan fada da shari'ar mata suna fitowa ne a hawan salla da naɗin sarauta.